Ranar da Tacho Ya Ji Labarin Mutuwarsa

Duk wanda ya haura sittin a unguwar Chorrillo ya san Anastasio Góndola, wanda muke kira Maestro Tacho, wato gwani Tacho, in kuwa ya ce bai san shi ba, hassada ce kawai. Shekara arba'in da ɗaya yana yi wa jajayen shaiɗanu fenti, dogayen motocin hayan nan da suka riƙe birnin Panama a zamanin da birnin yake da jini a jika. Bai taɓa zama a aji ba ko na rabin yini. Sunayen 'yan matan direbobi da ake jerawa a tagogi, a takarda ake kawo masa, ya kwafe su yadda yake kwafar reshen bishiya, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Warin fenti ya kashe abokan sana'arsa huɗu, shi ko tari bai kwantar da shi ba. Wani likita ya ba shi shekara biyu, ƙarshe shi ya raka likitan makabarta. Da wutar Disambar tamanin da tara ta cinye unguwa, ya fito ta tsakiyarta da jaririyar 'yarsa a kafaɗa da gwangwanin biskit a hammata, cike da hotunan ƙofofin bayan motoci da ya zana. Irin mutanen da muke da su ke nan, ba irin na yanzu da zazzaɓi ke kai su asibiti ba.

Motocin dai an janye su daga titi, 'yan gwangwan sun yanka mafi yawansu. Tacho ya rage, yana da shekara saba'in da takwas da haƙora goma sha tara nasa na kansa.

Wata Alhamis da rana yana zaune a rumfar Nidia mai soya kifi, yana ɓare ƙaya da yatsa, sai Cleveland Prescod ya jawo kujera. Tsohon direba ne, abokin wasan domino na shekara talatin, mai sabuwar waya da ɗansa ya aiko masa daga ƙasar waje.

“Tsoho, goge hannunka ka ga wani abu,” in ji Cleveland.

“In hoton jikanka ne kuma, na gani. Kansa irin naka ne, Allah ya ba shi haƙuri.”

“Kai dai duba.”

Tacho ya karɓa ya nisanta wayar da fuskarsa. 'Yar ruwa ce mai tsefe a gashi, jelarta kore, bayanta rana na faɗuwa. Launin yana ƙyalli kamar an kunna fitila a cikinsa. Ya taɓa da yatsa sai wani hoton ya fito, ɗan dambe. Ya sake taɓawa, wata mata da kwandon lemo a ka.

Cleveland ya ce, “Wani shafi ne a intanet, sunansa Ƙofar Baya. Ba da fenti ake yi ba, a kan allon gilashi ake zanawa da alƙalami. Mutum dubu ɗari biyu ke bin sa. Har daga Turai ake saye, a buga a takarda a rataye a falo.”

Tacho ya sake taɓa wayar. Ya koma kan 'yar ruwan, ya ƙura wa hannunta na hagu ido. A dunƙule yake, daidai ƙugu, can gefen hoton, kuma babu komai a cikinsa. Ya duba ɗan damben, haka. Mai lemo ma haka, hannu ɗaya a dunƙule a gefe yana riƙe da iska. Kifin da ke bakinsa ya daina daɗi. A duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ne ke ajiye hannu a wannan wurin, kuma yana da dalili.

“Karanta mini abin da aka rubuta a ƙasa.”

Cleveland ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya. “An ce wannan zane ne irin na tsofaffin motoci. An ce... al'adarmu ce. A so, a yaɗa.”

Tacho bai iya karatu ba, amma ya shekara saba'in yana kallon masu yi masa karatu. Idon Cleveland ya je ya dawo sau biyar, bakinsa kuwa layi uku ya kawo.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

“Nidia, zo ki taimaka mana.”

Nidia ko juyowa ba ta yi ba daga kan kasko. “Tabarauna na gida, Maestro.”

Tabaran yana rataye a wuyanta. Tacho ya gan shi, ya cinye soyayyiyar agadarsa a hankali, ya tashi.

A ɗaki ya jawo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado. Hotunan suna nan, ɗari da sittin da wani abu, babu wanda ya ɓace. Amma shi kife su yake yi, fuska ƙasa, don kada danshi ya manna su da murfi, yanzu kuwa duk suna kallon sama. Robar da ya ɗaure su da ita ja ce tsohuwa, wannan sabuwa ce fara. Ya zauna a bakin gado ya fara lissafin masu shiga ɗakin nan. Mai gyaran famfo ya shiga sau ɗaya, amma wannan ko bango ba zai iya shafawa ba. Yaritzel, 'yarsa, tana zuwa duk Lahadi ta yi shara ta kawo abinci, amma ita a kantin magani take aiki, ba ta taɓa riƙe burushi ba, shi da kansa ya hana. Tana ƙarama in ta leƙo wurin aiki korar ta yake yi saboda warin, sai dai ta tsaya ta taga. Saura Cleveland, wanda ke zama shi kaɗai a ɗakin duk lokacin da Tacho ya fita sayen ƙanƙara. Cleveland mai sabuwar waya. Cleveland mai ɗa a ƙasar waje, inda ake sayen hotuna a rataye a falo.

Washegari ya tare shi a gindin bishiyar da suke buga domino.

“Nawa suka ba ka?”

“Su wa?”

“Waɗanda ka ɗaukar wa hotunana.”

Cleveland ya ajiye ƙwayar dominon da ke hannunsa. “Tacho, shekara talatin. Ni ka ke kira ɓarawo?”

“Ban kira ka komai ba. Na ce nawa. In ba kai ba ne, buɗe mini shafin ka ara mini wayar zuwa yamma.”

“Me za ka yi da ita? Ko kunna ta ba ka iya ba.”

“Zan kai ta ta sha iska.”

Cleveland ya daɗe yana kallon sa, kamar mai son faɗin wani abu, sannan ya miƙa. Wannan ma Tacho ya ajiye shi a ransa. Ɓarawo ba ya ba da wayarsa da sauƙi haka, sai dai in yana so a gani.

Bai nemi kowa a unguwa ba, tunda ya ga unguwar duk tabaranta na gida. Ya hau jirgin ƙasa har San Miguelito inda ba wanda ya san fuskarsa, ya bi layin masu sayar da tikitin caca yana duba su ɗaya ɗaya. Ya zaɓi wata mai jiki da ke karanta jarida tana motsa leɓe, don mai motsa leɓe ba ya tsallake layi.

“Baiwar Allah, idona ya mutu. Karanta mini wannan, zan sayi tikiti.”

“Kowa haka yake cewa, kawu. Kawo.”

Ta karanta, shi kuma yana bin idonta. “Don tunawa da marigayi Maestro, na ƙarshe a cikin manyan masu zanen ƙofa, wanda ya tafi tare da motocinsa, ba wanda ya san kabarinsa. Kowane zane a nan daga hannunsa ya samo asali. A so, a yaɗa, kada a manta da shi.” Ta girgiza kai. “Allah sarki. Ai na san shafin nan, 'yata ma tana bi. Kun san shi ne, kawu?”

Tacho ya dafa teburin tikitin.

“Na ɗan san shi.”

“Mutumin kirki?”

“Ba shi da sauƙi.”

“Haka masu baiwa suke. Dubi nan, mutane sun cika wurin da hoton kyandir. Wannan ya ce kakansa ya hau motar da ya zana. Wannan ta ce ta yi kuka. Wannan kuma ya ce dunƙulallen hannun nan fushin Chorrillo ne bayan gobara, wai saƙo ne marigayin ya bar wa talakawa.”

“Haka ya ce?”

“Mutum dubu uku sun yarda da shi.”

“To mai shafin, wane ne?”

“Ba ya nuna fuska. Shi ma yana cikin abin da ke jan mutane. Hannu kawai ake gani, bari ka ga.”

Ta danna wani abu, hoto ya fara motsi. Hannu ne riƙe da farin alƙalami a kan allon gilashi. Kafin alƙalamin ya sauka, hannun ya ɗaga shi ya buga sau biyu a kan ɗaya wuyan hannun, tas tas, sannan ya ja layi. Tacho ya ce ta mayar baya. Tas tas. Haka yake karkaɗe burushi don ya zubar da rarar fenti, tun kafin a haifi mai tikitin nan. Amma alƙalamin gilashi ba shi da fentin da za a karkaɗe. Wanda ke wannan bai san dalili ba, gani kawai ya yi shekara da shekaru har ya shiga jikinsa. Ya ce ta sake mayarwa. A bugu na biyu awarwaron da ke wuyan hannun ya zame, wani tabo ya leƙo, fari, kamar ganyen lemo. Ya san ranar da garwashi ya faɗo a wurin, don a kafaɗarsa mai hannun take.

“Kawu, tikitin fa?”

Ya saya bai ko duba lambar ba.

Ranar Lahadi da hantsi Yaritzel ta turo ƙofa da ƙafa, tukunyar romon kaza a hannu. Ta tarar da shi kwance a kan gado cikin farar rigarsa ta zuwa coci, takalmi a ƙafa, hannuwa a naɗe a ƙirji, kyandir na ci a kan kujera. Murfin tukunyar ya faɗi ƙasa.

“Baba!”

Ya buɗe ido ɗaya. “Marigayi yana jin yunwa. Da doya a ciki?”

Ta tsaya a tsakar ɗaki da tukunya, ta kalli kyandir, ta kalli gwangwanin biskit da ke buɗe a gefensa. Ta ajiye tukunyar a hankali ta zauna a ƙasa.

“Cleveland ne ya gaya maka.”

“Cleveland layi uku ya karanta. Ashe ya sani.”

“Kowa ya sani. Na roƙe su ne.”

“Yaushe na mutu? Ina so in sani, don in daina biyan kuɗin wuta.”

“Baba, ba haka aka fara ba.”

“To yaya aka fara? Ina da lokaci. Mu matattu ba ma sauri.”

Ta ba shi labari tana kallon ƙasa. Shekara uku da suka wuce ta sayi allon, tana zane bayan ta tashi aiki. Ta buɗe shafi da sunanta da fuskarta, shekara guda cur mabiyanta arba'in da shida, rabi abokan aikinta. Sai ta ɗauki hotunan gwangwanin ta fara sabunta su, ta canza wa shafin suna, ta rubuta cewa don tunawa da ƙofofin Maestro ne. Ƙofofin take nufi. Wani ya rubuta a ƙasa, Allah ya jiƙansa. Wani babban shafi mai mabiya miliyan ya ɗauka ya yaɗa, ya ce ga gadon wani gwani da ya mutu ba wanda ya kula shi. Kafin kwana biyu mutum dubu talatin sun shigo.

“Na ce zan gyara gobe. Gobe ta yi, sai ga masu saye. Na ce bari sati ya zagayo. Daga baya ni da kaina na rubuta.” Ta share hanci. “Na bar kantin magani tun bara, Baba. Da wannan nake ci, da shi nake sayen kazar nan. Wani gidan baje kolin zane yana so ya rataye guda ashirin a watan gobe, don labarin.”

“Don gawata.”

“Kana nan da ranka shekara goma sha biyu tun da aka janye motoci. Mutum nawa suka zo tambayar ka?”

Wannan ta shige shi. Ya tashi zaune ya hure kyandir. Gaskiya ne, ba wanda ya zo, sai wani ɗalibi sau ɗaya, shi ma ya rubuta sunan wani a takardarsa. Yanzu ga mutum dubu ɗari biyu suna kuka a kansa, ga 'yarsa ta samu abin yi da hannun da ya hana ta amfani da shi. Abin da ake nema a wurinsa kawai ya ci gaba da cin kifinsa a rumfar Nidia ya yi shiru. Ya auna abin, ya ga ba wuya. Sai ya tuna wutar da ya ratsa, da likitan, da abokansa huɗu, ya ga duk wahalar da ya sha don kada ya mutu an zo an soke ta da layi biyu.

“In na fito fa?”

“Za su ce ni maƙaryaciya ce. Kuma ba su yi ƙarya ba. Su watse.”

Ya jawo hoto ɗaya daga gwangwani, 'yar ruwan, ya dishe har ya koma ruwan ƙasa. “Hannun nan, me ya sa kike dunƙule shi?”

“Haka ka yi shi.”

“Na ce me ya sa.”

“Fushi ne, ko ba haka ba? Na gobara. Kowa haka ya fahimta.”

“Wannan na zana ta shekara shida kafin gobara.” Ya dube ta. “Ke ma ba ki sani ba. Kina sayar wa mutane hannu, ba ki san abin da ya riƙe ba. Zuba mini romo. Jibi za mu Chilibre, ki zo da wayarki.”

“Baba...”

“Ban tilasta ki ba. In ba ki zo ba, ni da Cleveland za mu je, ya ɗauka da tasa. Sai dai shi rabin kaina zai yanke.”

A Chilibre, bayan gidan wani ɗan'uwan Cleveland, tsohuwar motar da Cleveland ya tuƙa tana zaune a kan bulo, ba taya, ba inji, kaji sun mayar da ita gida. Cleveland ne ya tuƙa su a motar aro, duk hanya ba wanda ya yi magana sai shi da Tacho.

“Da ka kira ni ɓarawo.”

“Na ce nawa. Kuma kai ma munafuki ne, shekara biyu kana kallona.”

“Na yi wa yarinya alkawari ba zan faɗa ba. Ban faɗa ba, nunawa na yi. Na gaji da ganin ana kunna maka kyandir a waya kana cinye mini kifi.”

Yaritzel tana baya, wayarta a cinya. Ta zo dai.

Suka zagaya bayan motar. Rana da ruwan sama sun cinye tagogi da sunayen da ke jiki, tsatsa ta haura har rufi, amma 'yar ruwan tana nan a ƙofar baya, koren jelarta ya koma toka, tsefen na gashinta. Yaritzel ta matsa kusa ta tsaya cak. Hannun da ke dunƙule ba iska ya riƙe ba. Mariƙin ƙofar ne, na ƙarfe, ya fito daga tsakiyar yatsun, an shafe shi da launin fatarta har ba ya rabuwa da ita a hoto.

“Kunna,” in ji Tacho. “Kai tsaye, yadda za su gani yanzu.”

Ta ɗaga wayar. Ta danna.

“Tsaya. Cleveland, buɗe taka. Kana ganina a ciki?”

“Baba, ba ka yarda da ni ba?”

“Na yarda da ke. Cleveland, kana ganina?”

“Ina ganin ka, da ƙaton hancinka. Mutum ɗari huɗu sun shigo. Ɗari tara.”

Tacho ya gyara wuyan farar rigarsa ya fuskanci wayar kamar mai fuskantar direban da ya zo rage farashi.

“Sunana Anastasio Góndola, Maestro Tacho na Chorrillo. An ce muku na mutu. An gwada, ba a samu ba. Na gode da kyandir, ku ajiye, za su yi amfani nan gaba. Wannan da ke riƙe da waya 'yata ce, Yaritzel, ita ke muku zane, kuma ta iya, don jinina ce. Ta yi muku ƙarya ɗaya, ni na zo in ɗauke ta.” Ya juya ya dafa ƙofar. “Kun ce hannun nan fushi ne. Fushinmu ba ma ajiye shi a bayan mota. Kowace ƙofar baya tana da mariƙi a nan, ba yadda za ka yi da shi. Sauran masu fenti sai su bar shi ya tsiro wa mace a ciki ko a haƙarƙari kamar an soke ta. Ni na ce a'a. Na matsar da mutum gefe, na sa hannunsa ya kama ƙarfen. Duk wanda zai buɗe ƙofata, sai ya gaisa da wanda na zana. Shi ke nan sirrin. Ku gani.”

Ya ɗora hannunsa a kan na 'yar ruwan ya murɗa. Ƙarfen ya ƙi. Ya sake murɗawa da hannu biyu, jijiyar wuyansa ta tashi, ƙofar ta yi ƙara ta buɗe, kaji wajen goma suka yo waje ta kansa da fuka-fukai da kashi. Cleveland ya zauna a ƙasa don dariya. Yaritzel ba ta yi dariya ba. Ta juyo da wayar ta fuskanci kanta, karo na farko a shafin, ta ce, “Ni na rubuta cewa ya rasu. Ba kuskure ba ne, na sani. Ku yi haƙuri.” Ta kashe.

Abin da ta faɗa shi ya faru. Cikin sati guda kusan rabin mabiyan suka watse. Babban shafin nan da ya fara yaɗa mutuwar shi ya fi kowa zagi. Masu gidan baje koli suka daina ɗaukar waya. Lahadi biyu Yaritzel ba ta zo ba, Tacho ya ci burodi da shayi, ya share ɗakinsa da kansa, ya gaya wa Cleveland cewa shi dama ya fi son sharar hannunsa. Amma kullum da hantsi kujerarsa na fuskantar ƙofa.

Lahadi ta uku ta turo ƙofa da ƙafa. Ta rame. Tukunya a hannu ɗaya, allon gilashin a hammata.

“Na koma kantin magani, rabin yini,” ta ce kafin ya tambaya.

“Da doya a ciki?”

“Da doya.”

Bayan ya ci ya ce ta karanta masa abin da ake cewa, duka, har zagin. Ta karanta yana bin idonta. Wani ya ce a mayar masa da hawayensa. Wata ta ce ta cire hoton daga falonta. Wani kuma ya ce tsohon nan ɗan wasa ne aka ɗauko haya, Maestro na gaskiya ya mutu, kuma ba zai taɓa zama mai surutu haka ba.

“Wa ya rubuta wannan? Ina gidansu?”

“Ba a sani ba, Baba. Mutum dubu sun yarda da shi.”

“Ci gaba.”

Sai ta nuna masa wasu. Tsofaffin direbobi da 'ya'yansu sun fara turo hotuna daga cikin akwatunansu, daga Colón, daga Chorrera, har daga ƙasar waje, kowa tsaye a bayan motarsa ya kama hannun wanda aka zana. Hamsin da wani abu. Akwai ƙofofin da shi kansa ya manta ya yi. Ba masu saye ba ne, ta ce, waɗannan ko firam ba za su iya saya ba. Amma suna tambaya ko Maestro zai faɗi labarin kowace ƙofa.

“Nawa za su biya?”

“Ba ko sisi.”

“To a ce musu zan duba.” Ya riga ya jawo kujera kusa da allon.

Ta buɗe sabon zanen da take yi, mai kwandon lemo, wannan karon da mariƙi a hannunta. Ya ce ƙarfen ya yi sama da yawa, ba mai buɗe ƙofar da zai kai nan sai ya yi tsalle. Ta miƙa masa alƙalamin. Ya jujjuya shi, ya shinshina, ya buga sau biyu a wuyan hannunsa, ya ja layin a inda ya dace. Ta rubuta wani abu a ƙasa ta karanta masa: zanen Yaritzel Góndola, daga ƙofar mahaifinta Maestro Tacho, wanda yake zaune a nan yana gyara mata.

Ya gyaɗa kai ya ce ya yi. Da yamma ya sa Cleveland ya karanta masa, ya zo daidai. Washegari duk da haka ya ari wayar, ya sa farar rigarsa, ya hau jirgi zuwa San Miguelito. Mai tikitin ta hango shi tun daga nesa, ta sauke jaridarta.

“A'a, marigayi ne da kansa? 'Yata ta nuna mini kai da kaji.”

“Karanta mini wannan.”

Ta karanta tana motsa leɓe. Idonta ya je ya dawo sau uku, bakinta ya kawo layi uku. Tacho ya karɓi wayar ya sa a aljihu, ya duba teburin tikitin a tsanake.

“Ba ni lamba saba'in da tara,” ya ce. “Shekaruna na baɗi ke nan.”